Gwangwani Mai Warin Hayaƙi

Ranar jajibirin Kirsimeti mutanen Tervola suka wayi gari da labarin an sace fim. Ba kaset ba, fim ɗin ne ɗungurungum, duk abin da aka ɗauka tun farkon sanyi. Yana naɗe cikin gwangwanaye masu faɗin faranti, an liƙe bakinsu da salatif, ko birni ba a kai su an wanke ba. Darakta Lenny Brandt ba shi da halin wankewa kaɗan-kaɗan, sai ya riƙa tara su a tsohon ɗakin ajiyar kifi da ke bakin daji, inda sanyin arewacin Michigan ke tsare masa su kyauta. Gargaɗinsa kullum ɗaya ne: kada wanda ya kuskura ya buɗe, da haske ya taɓa zaren fim ɗin komai ya goge.

Fim ɗin kansa ba kai ba gindi. Wani mahaukaci ne mai fuskar barewa da gatari, duk Kirsimeti sai ya fito daga daji ya sassare mutane, ya naɗe su da takardar kyauta ya ajiye ƙarƙashin bishiya. Jinin ruwan sukari ne da jan kala. Amma tun da aka rufe mahaƙar tagulla ba abin da ya sake faruwa a garin, don haka rabin Tervola ta shiga layi a kashe ta. Mai gidan mai ya mutu, matar mai kai wasiƙa ta mutu, wanzamin gari an sare shi sau biyu da riga daban-daban. Ka ga kuwa wanda ya saci fim ɗin nan ba daraktan kaɗai ya taɓa ba.

Reino Salmela ma ya mutu a ciki, kuma ba wanda ya kai shi alfahari da mutuwarsa. Tsohon maharbi ne, shi ake kira ya bi sawu in mutum ya ɓace a daji. A da magana tsada take masa, amma tun da aka ɗauke shi a fim yana faɗuwa da itace a hannu, ya ishi kowa da labari a shagon kofi. Ya kuma bi daraktan har masauki yana roƙo, sai da aka ba 'yarsa Aili, mai aiki a gidan burodi, nata wurin a fim.

Gordon Pelkie, ɗan sandan gari kuma abokin Reino tun suna yara, shi ya zo ya ɗauke shi a mota.

"Marigayi, tashi ka yi aiki," in ji Gordon. "In ba ka nemo gwangwanayen nan ba, mutuwarka ta tashi a banza."

* * *

Jama'a sun cika gaban ɗakin kifin, sun tattake ƙanƙarar da ke bakin hanya kamar garken shanu. Reino ya kore su baya, ya tsuguna. Dusar ƙanƙara ta zuba jiya tun yamma, ta ɗauke wajen tsakar dare, iska ko kaɗan ba ta motsa ba. Daga hanya zuwa ƙofa sawu iri biyu ne ban da na daraktan. Ɗaya ƙato, rabinsa ya cike da sabuwar ƙanƙara. Ɗaya ƙarami na mace, shi ma ya cike, ya zo ƙofa ya juya.

"Kwaɗon fa?" ya tambaya.

"Lafiyarsa lau," in ji Gordon. "Makullin yana ƙarƙashin bokiti, inda kowane jariri a garin nan ya san yana nan."

Lenny Brandt na ta zarya cikin wata siririyar riga ta 'yan birni, hancinsa ya yi ja. "Me kuke jira? Ga sawun nan ƙato. Mutum ɗaya ne mai ƙafa haka. Shekaranjiya a gaban mutane ya ce gara a ƙona fim ɗina."

Ba sai ya faɗi suna ba. Cleon Tate ne ke sa fuskar barewa, ƙaton mutum ɗan birnin Detroit, baƙar fata ɗaya tilo a garin. Kowa ya san ya taɓa zaman gidan yari saboda wani faɗa, an sake shi bisa sharaɗin ko tsinke ya ɗauka zai koma. Mutanen da jiya suke roƙonsa ya ɗaga musu gatari su yi hoto da shi, yau su ne ke cewa dama tun farko idonsa bai kwanta musu ba.

Gordon ya ja Reino gefe. "Na kulle shi a ofis, don lafiyarsa ma. Da yamma bayan taron coci zan kai shi babban gari. In ya shiga hannunsu ba fita. Ka samo mini wani abu kafin nan, ko ka yi shiru."

* * *

Ƙaramin sawun bai ba Reino wahala ba. Dunduniyar hagu ta fi nutsewa, ga ɗigon sanda a gefe. Ya nufi gidan Misis Impi Rautio, shugabar matan coci, wadda tun zuwan 'yan fim take cewa Shaiɗan ne ya sauka da kyamara.

"Impi, me ya kai ki ɗakin kifi jiya da yamma?"

"Wa ya ce na je?"

"Ƙugunki na hagu."

Ta dube shi kamar ta watsa masa ruwan zafi. Can ta sauke murya. "Burodin nama na ajiye musu a bakin ƙofa. Yaran nan masu ɗaukar fitila duk sun rame, mutumin ba ya ciyar da su. In ka faɗa wa matan coci, Reino Salmela, sai na yi maka mutuwar da ba kyamara."

"Kin ga kowa?"

"Ƙaton ya zo ya ajiye gatarinsa da fuskar, ya kulle ya fito hannu biyu wayam. Har ya riƙe ni na tsallake rami. Yana da ladabi, ba kamar wasu tsofaffin da suka tsufa da rawar kai ba."

Reino ya haɗiye wannan, don ya san da shi take. Ya roƙe ta ta faɗa wa Gordon, ta ce sai dai ya faɗa, ita ba ta je ko'ina ba.

* * *

A ofishin 'yan sanda Cleon na zaune kan benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya miƙe da ganin Reino, abin da ba ya yi wa ko darakta.

"Ka ce gara a ƙona fim ɗin?"

"Na faɗa, dattijo."

"Don me?"

"Mun sami saɓani."

"A kan me?"

Cleon ya dubi tafin hannunsa. "A kan aiki."

"Kai, ka san inda za a kai ka yau kuwa? Ka ba ni abin da zan riƙe."

"Ban ɗauka ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

"Wace rana kuka yi saɓanin?"

Cleon ya ce, "Ranar da aka yi ɗauka a gidanka."

Reino ya tuna ranar. A bayan gidansa, bakin tafki, yana da ɗakin sirace irin na kakanni, sauna mara bututu, wadda hayaƙi ya mai da bangonta baƙi ƙirin. Daraktan na gani ya ce nan za a kashe Aili. Reino da hannunsa ya faskara itace, ya hura wuta tun safe. Da za a fara aka ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, ya je ya huta. Ya tafi shagon kofi ya zauna yana ba mutane labarin 'yarsa ta zama tauraruwa.

"Me ya faru a gidana?"

"Ina da 'ya, dattijo," in ji Cleon. "Ta kusa kai taka. Kada ka ƙara tambayata."

Reino ya fito. Bai fahimta ba tukuna, ko kuma dai ya ƙi fahimta.

* * *

Ya koma ɗakin kifin shi kaɗai, ya zagaya baya. Akwai wata ƙaramar ƙofa a nan, ta zubar da ruwan kifi, sakatarta a buɗe. Daga ita zuwa daji ƙanƙara ce fari tas, ba sawun mutum, ba na abin ja. Gordon ya duba da safe ya ce ko ɓera bai bi nan ba.

Amma farin bai yi laushin da ya kamata ba, ya yi gudaji-gudaji kamar garin da bai sha tankaɗe ba. Reino ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan, a hankali, kamar wanda ake tilasta wa, ya ɗaga kai.

Duk bishiyoyin dajin sun sunkuya da nauyin ƙanƙara. Sai layi ɗaya, daga ƙofar zuwa cikin daji, rassansu kore shar, an kakkaɓe su. Wanda ya bi nan ya riƙa tafiya ƙarƙashin rassa da doguwar sanda, in ya wuce ya waiwaya ya bugi reshe, ƙanƙarar sama ta zubo ta binne sawunsa. Kuma duk bugun daga hagu yake.

Ba littafin da ya koyar da wannan. Reino ne ya ƙirƙiro dabarar shekarun baya, don ɓoye hanyar tarkunansa daga masu sace masa dila. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa a duniya, wata 'yar bahaguwa mai jar hula, tana buga reshe tana ƙyalƙyala dariya ƙanƙara na zubo mata a wuya.

Ya bi koren layin ba don yana bukata ba. Ya sauka rafin da ya daskare, ya bi gefensa, ya ɓullo bayan gidansa.

* * *

Gwangwanayen na ƙarƙashin bencin sauna, an rufa musu tsohon bargo. Aili na zaune a kan bencin da rigar gidan burodi, garin fulawa a hannunta. Ta ji tafiyarsa tun daga rafi.

"Na san za ka ɗaga kai, Baba."

Ya tsaya a ƙofa, hularsa a hannu. "Faɗa mini."

Ta faɗa ba ta dube shi ba. An ce mata da tawul za a ɗauka. Da kyamara ta fara juyawa sai daraktan ya ce ta saki tawul ɗin. Ta ce a'a. Ya ce zare na ƙarewa, mutane na jira cikin zafi, kowace yarinya a irin fim ɗin nan haka take yi.

"Sai ya ce, ubanki ne fa ya bi ni har ɗaki yana roƙo. Kina so in je shagon kofi in ce masa kin ɓata?" Ta goge hannunta a riga. "Sai na saki."

Cleon ne ya tuɓe fuskar barewa a tsakiyar ɗauka, ya rufa mata rigarsa, ya ce a kashe kyamara. Amma an riga an ɗauka. Ta roƙi daraktan ya cire, ya ce wurin nan ne kaɗai zai sa a sayi kaset ɗin. Bayan Kirsimeti za a kai birni a wanke, da bazara a nuna a zauren makaranta, gaban duk wanda take sayar wa burodi.

Reino ya dubi murhun. Ragowar itacen da ya faskara na nan a jere, ya jera su da kyau don su fito a hoto. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har ƙeya, irin wadda bai taɓa ji ba. Baƙon da gari ke shirin jefawa kurkuku shi ya rufa wa 'yarsa asiri, yana kuma kan rufawa, shi kuwa uban yana can yana kurɓar kofi yana cika baki.

"Na so in ƙona duka," in ji Aili. "Na kasa. Aikin mutane ne. Kuma ban san wanne ne nawa ba, lambobi ne kawai a jiki. Sai yanzu a shago na ji an kama Cleon." Ta miƙe. "Zan je taron coci in faɗa. Ba zai koma gidan yari saboda ni ba."

"A ina suka sauya zaren ranar?"

"Nan, a ƙofar ciki. Me ya sa?"

Ya durƙusa ya riƙa ɗaukar gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana shinshinar salatif ɗin. Kifi. Kifi. Kifi. Can ya tsaya. Wannan a ƙarƙashin warin kifin akwai tsohon hayaƙi, ga kuma baƙin shatin yatsa maƙale cikin mannen salatif ɗin, inda mai liƙewa ya dafa bango.

"Baba, ka ji abin da na ce? Ni zan faɗa."

"Na ji," in ji shi. Bai ce ya yarda ba.

* * *

Zauren da ke ƙasan coci ya cika, ana shirin cin abincin jajibiri. Gordon ya kawo Cleon ya zaunar kusa da ƙofa, motar na waje. Daraktan na tsakiya yana ba da labarin asararsa. Misis Impi na raba kofi, ta ƙi yarda su haɗa ido da kowa. Aili ta shigo ta zauna a baya.

Reino ya shigo yana jan gwangwanayen cikin bargo, ya zube su kan tebur. Zauren ya ɗauki hayaniya. Daraktan ya rungume su kamar 'ya'ya.

"Ina ka samo? Wajen wa?"

"Bari in bi da ku a hankali," in ji Reino. "Sawun Cleon na ƙofar gaba, gaskiya ne. Ya shiga da kaya, ya fito ba komai. Akwai mai shaida, mutuniyar kirki ce, ba zan kira sunanta ba sai in an matsa." Impi ta juya baya ta ci gaba da zuba kofi. "Ɓarawon ta baya ya bi, bayan ƙanƙara ta ɗauke. Ya kakkaɓe bishiyoyi ya binne sawunsa. Gordon, wa ka sani yana wannan?"

Gordon ya ce, "Kai."

A bayan zaure kujera ta motsa. Reino ya ga Aili na miƙewa, sai ya ɗaga murya ya riga ta.

"Ni ne. A gidana suka kwana. Kun bar jaki kuna dukan taiki tun safe."

Ya zaro gwangwani ɗaya daga cikin rigarsa, ya taka zuwa taga inda ranar yamma ke shigowa, ya sa wuƙa ya yanke salatif. Daraktan ya yi kururuwa ya taso, Cleon ya miƙa ƙafa ɗaya kawai ya tare hanya. Reino ya ciro zaren ya warware shi cikin haske, hannu bayan hannu, yana zubewa a ƙasa kamar hanji, har ƙarshensa.

"Me ka yi?" in ji wanzami. "Me ke ciki?"

"Mutuwata," in ji Reino. "Na yi ta tunani, ban iya mutuwar nan ba. Na faɗi kamar buhun dankali, har na buɗe ido ɗaya. Ba zan yarda jikokina su gani ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi."

Sai wani ya tuntsire da dariya, zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Mai gidan mai har da riƙe ciki. Wata mata ta ce tsufa dai bai yi ba, wani ya ce dama ya faɗa, fim ya shiga kan tsohon nan. Reino ya tsaya ana yi masa dariya, kunnuwansa na zafi, bai sunkuyar da kai ba.

Daraktan ya ɗauki murfin ya karanta lambar. Fuskarsa ta sauya. "Wannan ai ba..."

"Ba mene ba, Mista Brandt?" Reino ya matso har suna jin numfashin juna. "In ba mutuwata ba ce, faɗa wa mutanen nan mece ce. Ga fasto, ga iyaye mata, ga Gordon. Ka faɗa musu abin da ka ɗauka da yadda ka yi ka ɗauka."

Lenny Brandt ya dubi zauren, ya dubi mazan da suka yi rayuwarsu suna fasa dutse a rami. Ya ajiye murfin. "Mutuwarsa ce," ya ce. "Dama ba ta yi kyau ba."

Gordon ya kwance wa Cleon ankwa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Masu zarginsa da safe sai tura masa faranti suke yi suna kallon gefe. Da Cleon ya zo wucewa ya miƙa wa Reino hannu. Reino ya karɓa, amma ya kasa kallon fuskarsa.

* * *

A waje Gordon ya buɗe wa Reino ƙofar mota. "Dole in kai ka, ka sani. A gaban gari ka yi." Ya shinshina murfin gwangwanin da ya ɗauko don shaida. "A daji aka kashe ka, Marigayi. Ina nan tsaye ranar. Wannan kuwa warin hayaƙi yake yi."

"Hancinka ya tsufa."

"Ya tsufa," in ji Gordon, ya jefa murfin cikin mota.

Aili ta fito da rigar sanyinsa a hannu, ya manta da ita a zaure. Daga ciki har yanzu ana jin wani na kwaikwayon faɗuwarsa, ana shewa. Reino ya ɗauka za ta rungume shi, har ya ɗan buɗe hannu. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Na ce maka ni zan faɗa."

"Da kin faɗa, da yanzu da ke ake..."

"Na sani. Na shirya. Na kwana biyu ina jin kamar ni na yi laifi, yau ne na yi niyyar in nuna shi da yatsa a gaban kowa. Yanzu zai koma birni ya sami wata yarinyar." Muryarta ba ta tashi ba. "Ba ka tambaye ni ba ka sa ni a fim ɗin, Baba. Ba ka tambaye ni ba ka cire ni."

Maganar ta soki Reino. Dariyar zauren nan duka ba ta kai wannan zafi ba.

Ta matso ta sa masa rigar, ta ɓalla maɓallan har wuya kamar yadda yake yi mata tana ƙarama. Sannan ta juya ta nufi matakalar cocin.

"Ina za ki?"

"Misis Impi na kicin ita da matan," in ji Aili. "Zan ba su labari. Kai ka je da Gordon."

Reino ya shiga motar. Gordon ya kunna, bai ja ba. Suka zauna su biyu suna kallon sawunta a kan ƙanƙara, daga motar har ƙofar coci, a fili, ba ta binne ko ɗaya ba.